Wata Takwas da Shakazoba Mai Iska a Duwatsun Marwa

Wata takwas ke nan da na sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin waɗanda ake hawowa da su daga Duwala, kuma abin da ya ja hankalina gare shi shi ne fok ɗin gabansa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, wanda shakazobarsa ke aiki da iska maimakon sifirin na ƙarfe. A Marwa ta arewacin Kamaru nake zaune, yawancin hawana kuma a gindin tsaunukan da ke gefen gari nake yin sa, ban da sau biyu da na ɗora keken a mota zuwa Mokolo na nausa wajen Rumsiki, inda hanya ta zama dutse tsagwaronsa. Abin da na gani shi ne wannan shakazoba ta fi ta sifirin nesa ba kusa ba, amma fa sai ga wanda ya mallaki ƙaramin famfonta kuma ya yarda ya riƙa awo.

Keken ya zo mini da iskar mai shi na farko, wanda ga alama ya fi ni jiki ƙwarai, saboda haka fok ɗin ya yi tauri kamar itace, tafin hannuwana har mutuwa suke yi idan na gangaro kan tsakuwa. Na kai wa dattijon da ke gyaran keke a unguwarmu, ya buɗe murfin da ke saman ƙafar hagu, ya ga bawul irin na tayar mota, sai ya mayar ya rufe. Ya ce, "Ɗana, famfona na taya ne, ba zan taɓa maka wannan ba. Nemo nasa." Na ce, "To Baba, na gode." Gaskiya ya faɗa, domin ɗakin iskar ƙarami ne, yana son matsi mai yawa da iska kaɗan, kuma famfonsa na musamman yana kaiwa psi 300 (psi ma'aunin matsin iska ne), yana da agogon awo da ɗan maɓallin rage iska a hankali. Sai da na jira mako uku kafin wani ɗan'uwa ya taho mini da shi daga Yawunde, kuma ban yi nadamar ko sefa ɗaya da na kashe a kansa ba.

Jigon aikin shi ne auna yawan lotsawar da fok ke yi idan mutum ya hau kawai bai motsa ba. A jikin sandar da ke shiga tana fita akwai wani siririn zoben roba. Na sa kayan da na saba hawa da su, har da gorar ruwa a baya, na tsaya a kan feda ƙanena yana riƙe da kan keken, na tura zoben ƙasa har ya taɓa robar bakin fok, sannan na sauka sannu ba tare da na girgiza shi ba. Tazarar da zoben ya hau ita ake aunawa da rula. Fok ɗina milimita 120 yake iya lotsawa gaba ɗaya, kuma abin da aka fi bi a gaba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100, ke nan milimita 18 zuwa 24. Masu shakazoba a tayar baya su kan nemi kashi 25 zuwa 30. Ranar farko milimita 9 kacal na samu. Na yi ta rage iska kaɗan-kaɗan, ina danna fok ɗin sau biyar ko shida bayan kowane ragi domin ɗakunan iska biyu da ke ciki su daidaita, har na tsaya a milimita 23. Hucin da ake ji lokacin kwance famfo daga tiyonsa yake fita, ba daga fok ba, don haka kada a ƙara iska saboda shi.

Sai jan maɓallin da ke ƙasan ƙafar dama, wanda ke saita saurin dawowar fok bayan ya lotsa. A nan na fi daɗewa, domin idan ya yi sauri gaban keken yakan yi tsalle ya ƙwace wa mutum, idan kuma ya yi nawa, kan gargada ba ya samun damar miƙewa kafin kunya ta gaba ta iso, sai ya yi ta nutsewa har ya koma tauri. Na zaɓi gangara guda mai duwatsu a jere, na bi ta sau bakwai da yamma ɗaya, ina juya maɓallin ƙas ɗaya kowane zuwa, har na ji taya ta manne wa ƙasa. Ranar ce na fahimci abin da na saya.

Zafinmu ma yana da hannu a ciki. Iskar da aka kulle tana ƙara matsi da kusan kashi 7 cikin 100 idan zafi ya ƙaru da digiri 20, saboda haka awon da na yi da sanyin safiyar Janairu bai yi daidai da la'asar ɗin Afrilu ba, lokacin da Marwa ke haura digiri 40. Yanzu a inuwa nake awo, a lokaci ɗaya na yini, ina rubuta lambar a ƙaramin littafi.

Inda abin ke da wuya shi ne ƙura. Hazon hunturu da yashin Mayo Kaliyawo suna taruwa a bakin robar, kuma kamfanin ƙera fok irin RockShox yana ba da shawarar a buɗe ƙafafun fok a canza mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Man da robobin ban same su a kasuwarmu ba, sai dai saƙo, kuma ban yarda in ɗura man inji a madadinsu ba. Abin da ke hannuna shi ne goge sandunan da tsumma mai laushi duk ranar da na dawo, kafin ma in sha ruwa. Wanda ke shirin sayen irin wannan keke, ina roƙonsa ya haɗa kuɗin famfo da kwalbar mai da robobi biyu cikin lissafinsa tun ranar ciniki.