Wayar NM-B a silin ɗakin ƙarƙashin ƙasa: inda ta yi, da inda take jawo matsala

A gidajen Amurka, wayar lantarkin da aka fi ja ita ce NM-B, wadda kowa ke kira Romex, sunan da kamfanin Southwire ke sayar da tasa. Faffaɗa ce, mai rigar roba, a cikinta akwai baƙa da fara da wayar ƙasa tsirara. Launin rigar ke nuna kaurinta, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi kauri: fara lamba 14 ce ta bireka mai amp 15, rawaya lamba 12 ta amp 20, ruwan lemo lamba 10 ta amp 30. Na yi aiki da ita a silin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma ra'ayina shi ne, idan za a rufe silin da allon jifsam, babu kamarta wajen araha da sauƙin ja da feƙewa. Amma idan za a bar katakan a buɗe a fesa musu fenti, kamar yadda ake yayi yanzu, a nan take neman kulawa sosai.

Matsalar tana farawa daga katakan da ke ɗauke da daɓen sama, waɗanda suka tsaya a matsayin azara. Sashe na 334.15(C) na NEC, kundin dokokin lantarki na Amurka, bai yarda a ratsa su a gicciye ana buga wayar a ƙasansu ba, sai mai kauri: mai zare biyu lamba 6, ko mai zare uku lamba 8, ko wadda ta fi su. Lamba 14 da 12, waɗanda su ne na fitilu da soket, dole su bi ta huji, ko kuma a kafa doguwar falanki a ƙasan katakan a kwantar da su a kanta. Dalilin a fili yake. Wayar da ke lilo tsakanin katako da katako, wani zai rataye riga a kanta, wani zai buge ta da tsani, rigar roba kuwa ba ta jure haka.

Hujin ma da ka'idarsa, kuma dokoki biyu ne ke hawa kansa. Ta lantarki ta ce bakin hujin ya yi nisan inci 1¼ daga gefen katako, in bai samu ba a buga farantin ƙarfe mai kaurin inci 1/16 don kada ƙusa ta shiga. Ta gini, wato kundin dokokin ginin gidaje na IRC, ta fi tsanani: inci 2 daga sama da ƙasa, kuma faɗin hujin kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin katakon daga sama zuwa ƙasa. A huda tsakiya da bakin injin huji mai inci ¾, a jera hujojin a layi ɗaya, shi ke nan an gamsar da dukansu, wayar kuma ta zare ba tare da rigarta ta goge ba. In katakon na masana'anta ne mai siffar I, kada a taɓa leɓensa na sama ko na ƙasa ko kaɗan. Sannan a guji cusa wayoyi fiye da biyu a huji ɗaya a toshe da kumfa, domin zafi ba ya fita, kuma sashe na 334.80 zai tilasta rage nauyin wutar da za su ɗauka.

Inda ta bi gefen katako a tsaye, a buga kilif, ƙarfen da ke riƙe ta a jikin katako, duk bayan ƙafa 4½, da wani cikin inci 12 daga kowane akwati. Abin da na fi ganin an ɓata shi ne bugun kilif. Guduma ɗaya ta wuce kima, sai ka ga ƙarfen ya nutse cikin rawayar rigar ya bar shaida kamar cizo. Ba a nan take wuta ke tashi ba. A hankali robar ciki ke lalacewa. Kilif riƙewa zai yi, ba shaƙewa ba, kuma a kwance ake buga wayar, ba a gefenta ba.

Sai akwatin haɗi. Duk wanda ke cikin silin dole a iya kai hannu gare shi ba tare da fasa komai ba, haka sashe na 314.29 ya ce. Tsofaffin ɗakunan nan cike suke da irin waɗannan akwatuna, don haka kafin a ɗaga allo ko ɗaya a ƙirga su: a sauko da bakin kowanne daidai fuskar silin a sa masa murfi, ko a sake jan wayar gaba ɗaya. Silin mai fale-falen da ake ɗagawa ya sauƙaƙa wannan, sai dai ba a kwantar da waya a kan ƙarafunansa. A katako za a ɗaure ta.

A bangon kankare ba na amincewa da ita tsirara. A saka ta cikin bututun ƙarfe mara kauri na EMT, da zoben roba a bakin bututun don kada ya yanke ta. Haka kuma ba ta wurin danshi ba ce. Ga silin da za a bari a buɗe, na fi son wayar MC mai sulken ƙarfe: ta fi tsada, tana buƙatar abin yanka nata, amma ana ɗaure ta duk ƙafa 6 kuma ta fi kyan gani a ƙarƙashin fenti. A Chicago ma zancen bai taso ba, bututun ƙarfe dokar birnin ke nema a gidaje.

Ana sabunta NEC duk shekara uku, kowace jiha da bugun da take bi. Daga bugun 2020, soket ɗin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na buƙatar kariyar GFCI, mai yanke wuta idan tana zurarewa don kada ta ja mutum, ko da an gama gyara ɗakin. Ɗakin zama kuma tun kafin wannan bugun yake buƙatar AFCI, mai yanke wuta idan waya na tartsatsi. A tambayi ofishin bayar da izinin gini bugun da suke aiki da shi kafin a sayi bireka, kuma a kira mai duba aiki tun wayoyi na waje, don idan aka riga aka rufe yana da ikon cewa a cire allon.