Google Colab ga ɗalibin digiri na biyu a Samaru: ya isa, amma da sharaɗi

Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, Zariya, da bincikensa ya shafi koya wa kwamfuta sarrafa Hausa da wuya ya mallaki na'ura mai GPU, wato katin da ke hanzarta lissafi mai nauyi, shi ya sa Colab, dandalin Google na gudanar da lambar kwamfuta ta intanet, ya zama wurin aikinsa. A burauza ake buɗe shi, a rubuta lamba da yaren kwamfuta na Python, lissafin kuma ya gudana a injinan Google. Tsarin kyauta yakan ba da katin GPU na T4 mai ƙwaƙwalwar giga 16, da RAM wajen giga 12.

Ga aikin digiri na biyu wannan ya wadatar. AfriBERTa, da aka fitar daga Jami'ar Waterloo ta Kanada a 2021, da AfroXLMR na 2022, samfura ne na koya wa kwamfuta harshe, kuma duk an horar da su da Hausa a ciki. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ƙara musu horo a kan nasa aikin, ko dai NaijaSenti, wato saƙonnin Twitter da aka ware zuwa yabo, kushe da tsaka-tsaki, ko MasakhaNER mai gano sunayen mutane, wurare, ƙungiyoyi da ranaku. Da jimla 16 a kowane zubi, tsawon kowace jimla guntayen kalmomi 128, an kunna fp16 (tsarin lissafi mai rage cin ƙwaƙwalwa), zagaye uku na matsakaicin AfroXLMR (base) ba ya cin awa guda. Kada a zaɓi makamancinsa bf16, T4 ba ya ɗaukarsa. Wani alherin kuma, sauke samfurin daga Hugging Face, shafin da ake ajiye irin waɗannan samfura, a ɓangaren Google yake faruwa, bai taɓa datar wayarka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yankewa. Zama ɗaya ba ya wuce awa 12, kuma in an ɗauke wuta, batir ya mutu, shafin ya daɗe a rufe, sai a karɓe injin, duk abin da ke cikinsa ya tafi. Maganin shi ne haɗa Google Drive tun farko, a riƙa ajiye matakin da horo ya kai. Nan ma akwai tarko. Matsakaicin AfroXLMR kaɗai ya haura giga 1, in aka haɗa da bayanan ci gaba da horo ajiya ɗaya takan wuce giga 3. Drive na kyauta giga 15 ne, kuma da Gmail ake raba shi, don haka ajiya huɗu ko biyar sun cika shi. A sa save_total_limit, wato iyakar yawan ajiyar da za a bari, a kan 1 ko 2, sannan a riƙa zubar da kwandon sharar Drive, domin abin da aka goge yana nan yana cin wuri.

Samun GPU ɗin ma ba tabbas. Wanda ya yi amfani da yawa akan hana shi na wani lokaci, kuma Google ba ta bayyana iyakar ba. Wannan ya fi ciwo dab da kare kundi, lokacin da malami mai duba aiki ya ce a maimaita kowane gwaji sau biyar a kawo matsakaicin sakamako (kuma yana da gaskiya, gwaji ɗaya ba hujja ba ne). A nan Kaggle, wani dandali makamancin Colab, ya fi shi: wajen awa 30 na GPU a mako, kuma aikin yana ci gaba ko an rufe kwamfuta.

Colab yakan sabunta manhajojinsa ba tare da ka nema ba, sai lambar da ta yi aiki bara ta ƙi tashi bana. A rubuta ainihin sigar manhajojin transformers da torch a layin farko. Fayil ɗin bayanai kuma a ajiye shi a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba Excel zai iya mayar da ƙ, ɗ da ɓ alamar tambaya.

Tsarin Pro yana kusan dala 10 a wata. Ya dace da watan ƙarshe na gwaje-gwaje, ba da shekara biyu ba. Ɗalibin digiri na uku da ke son gina samfurin Hausa daga tushe kuwa, ko Pro ɗin ba zai kai shi ba. Gara ya nemi tallafin injina ko haɗin gwiwa ta ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP tun kafin a amince da taken bincikensa.