Allon rubutun makafi: na roba ko na ƙarfe?

Duk iyayen da suka sa ɗansu makaho a makaranta, ko a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko Zuru, abu na farko da malami zai ce a sayo shi ne allon Braille (rubutun ɗigo-ɗigo da makafi ke karantawa da yatsa) da tsinkensa. Iri biyu aka fi samu, na roba da na ƙarfe, kuma ingancinsu ba ɗaya ba ne.

Allon falle biyu ne da aka haɗa ta gefe ɗaya, ana buɗe shi kamar littafi a saka takarda a tsakiya. Fallen sama yana da ƙananan tagogi, na ƙasa kuma ramuka shida ƙarƙashin kowace taga, uku a dama uku a hagu. Da ɗigo shidan nan ake haɗa alamomi 63, haruffa da lambobi duka. Ƙananan ƙusoshi a kusurwoyi ne ke riƙe takardar. Na aljihu yawanci layi 4 ne, kowane layi gida 28, wato taga 28, akwai kuma babba mai cin shafi guda.

Na roba ya fi araha, ba shi da nauyi, to amma zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba ya raga masa. In aka bar shi a rana ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, taga ta daina dacewa da ramukanta, sai tsinke ya riƙa sauka a gefe yana yaga takarda. Yaro zai ɗauka shi ne bai iya ba, alhali laifin allon ne. Mahaɗinsa ma kan tsage. Na ƙarfe ya fi tsada, amma yana shekaru bai canza ba, ɗigonsa kuma na fita tas. Mai hali ya sayi na ƙarfe. Wanda bai samu ba, kafin ya biya kuɗi ya rufe na robar, ya bi gidajen farko da na ƙarshe da tsinke, ya tabbatar yana faɗawa rami ba tare da gogar gefe ba.

Inda yara suka fi shan wuya shi ne ana rubutu daga dama zuwa hagu, sannan a juya takarda a karanta daga hagu. Harafin "a" ɗigo na 1 ne: wajen karatu yana sama ta hagu, wajen rubutu kuwa sama ta dama. Kada a ce wa yaro ya juya harafi a kansa. A koya masa lambobin ɗigon, 1 zuwa 6, ya haddace cewa "b" 1 da 2 ne, hannu zai saba da sauran. A kuma nemi malami ya nuna masa alamomin ɓ da ɗ da ƙ tun da wuri. Tsinken a riƙe shi a tsaye cak, in ya karkace ɗigo ba ya tashi. A sayi biyu, domin ɓacewa yake yi.

Takardar littafin makaranta ba ta yi, ta cika laushi, karatu biyu ɗigon ya kwanta. Takardar Braille mai kauri ake so, in babu a yanka kwali mara tauri sosai daidai girman allon. Kada a ɗora kaya a kan abin da aka rubuta, da damina kuma a sa shi a leda saboda laima.

Na'urar Perkins ta buga rubutun Braille, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1951, ta fi sauri, yaro kuma na iya taɓa abin da ya rubuta nan take. Sai dai nauyinta ya kusa kilo 5, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, ƙurar hunturu kuma na sa maɓallanta cijewa in ba a rufe ta. Makaranta ce ya kamata ta tanade ta. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ɗora wa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa samar da kayan karatu. Iyaye su rubuta buƙatar na'urar ga shugaban makaranta, su sa kwanan wata, su ajiye kwafi.