Me za ka sa a ƙarƙashin wufa: roba, soso ko ƙafafun ƙarfe?

A ɗakin wata ƙanwata a Birnin Kebbi na fara lura da matsalar girgizar wufa, wato lasifikar da ke fitar da amo mai kauri. Hom tiyatar kayan aurenta sabuwa fil, amma da an ɗan ƙara murya sai kwanukan jere su amsa daga cikin kabad, na'urar DVD ta riƙa tsallake. Mijinta har ya yanke hukunci cewa jabu aka sayo. Kayan lafiyarsu lau, an dai aza wufar ne a kan teburin talabijin tare da komai.

Wufa ce ke fitar da amon nan mai kauri da kake ji a ƙirji. Akwatinta na girgiza, girgizar ta bi katako ko tayil har ta kai ga duk abin da bai zauna daram ba. Saboda haka kafin ka ciro ko sisi, sauke ta ƙasa, ka ɗora kofin ruwa a kan teburin, ka kunna. In fuskar ruwan na rawa har yanzu, to sai a zo ga sayayya.

Roba ce mafi sauƙin samu. Mai faci zai yanko maka tsohon tub na mota, ka ninka biyu ko uku a ƙarƙashin kowace kusurwa. Robar taya kuwa ta yi tauri, kusan duk girgizar wucewa take yi. Matsalar roba a nan zafi ne: a Afrilu muna haura digiri 40, kuma robar da ta sha bazara biyu ko uku takan bushe ta tsage.

Soso ya fi ta laushi, amma ba na katifa mai arha ba, wanda nauyi ke lotsawa har ya zama kamar waina. Nemi mai ƙarfi, ka aza faffaɗan tayil ko katako mai kauri a kai, sannan wufar. Irin wannan haɗin ne kamfanin Auralex ke sayarwa da sunan SubDude, soso a ƙasa, allo a sama. Kafintan unguwa zai haɗa maka makamancinsa.

Akwai kuma Sorbothane, wata roba mai danƙo da ake yi a jihar Ohayo ta Amurka, wadda ke shanye girgiza ta mai da ita ɗan ɗumi. Tana aiki, sai dai da sharaɗi. Taurinta hawa-hawa ne, galibi 30, 50 da 70, kuma dole ka san nauyin kayanka. In ta yi laushi da yawa ta baje, in ta yi tauri ba ta lotsa ba, duk asarar kuɗi ne. Oda ake yi ta intanet, kuma takan bar tabo a kan katako mai fenti.

Ƙafafun ƙarfe masu tsini su ne suka fi ɗaukar ido, kai ka ce kayan masu kuɗi. Aikinsu daban ne: suna kafe lasifika ne ta daina motsi, musamman a kan kafet, ba sa raba ta da ƙasa. A kan tayil ma sai su karce shi. Ni dai ba zan saye su don maganin kwanukan jere ba.

Amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) irin ta zamani ba ta damu da girgiza sosai ba, ƙafafunta na kamfani sun isa. Na'urar faifai ce ke buƙata, tunda hasken da ke karanta faifan yana kaucewa da ɗan motsi.

Gilashin taga da silin kuwa, yawanci ta iska amon ke kai musu, babu abin da za ka sa a ƙasa ya hana. Na ƙanwata, takarda muka ninke muka cusa a gefen gilashin, wufar kuma tana nan kan soso da tayil a gefen kujera.