Shagon gyaran wayar da ya gano abin da ke fitar da ni daga gem

Duk mai buga eFootball ko Call of Duty Mobile a intanet a garin Bauchi ya san wannan takaicin: kana gaba da ci ɗaya, sai allo ya tsaya cak, a fitar da kai, a rubuta an cinye ka. Wani ɗan shagon gyaran waya da ke wajen kasuwar Wunti na kai wa kukana, kuma na ga ya kamata 'yan gem su ji yadda na same shi.

Abin da ya fara burge ni, mai shagon bai ce in sayi komai ba. Karɓar wayar ya yi, ya buɗe manhajar auna ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar wasan (babbar kwamfutar da gem ke gudana a kanta) ya dawo, ya ajiye ta kan tebur muna kallo. Lambar tana zaune wajen 90, can sai ta yi tsalle ta haura 400, ta sake dawowa. Ya ce, "Yaya, ka gani? Sabis ɗinka yana da gudu, zama wuri ɗaya ne ba ya yi." Bayaninsa ya shige ni. YouTube yana tara bidiyo a gaba kafin ka kalla, shi ya sa ko sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyu ba za ka sani ba. Gem kuwa ƙananan saƙonni yake ta aikawa sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, ba ya ajiye komai, kuma ba ya cin data sosai. Sayen data mai yawa ba zai yi maganinsa ba.

Daga nan ya shiga saitin waya. Ashe tana ta sauka daga 4G zuwa 3G da kanta, kuma a wannan sauyin ne ake yanke ni. Ya tsayar da ita kan 4G. Ya kashe tanadin batir, ya goge wata VPN ta kyauta da ƙanena ya sa, wadda ke zagayawa da saƙona wata ƙasa kafin ya isa sabar wasan. Kan MiFi ɗin gida ya fi daɗewa. Ya ce in ɗauke shi daga bayan talabijin in kai shi bakin taga, kuma tunda nawa yana da zangon Wi-Fi biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, in hau na 5 GHz idan ina kusa. Shi 2.4 GHz ya fi ratsa bango, amma kowa a unguwa a kansa yake. Ya kuma hana ni buga gem waya tana caji cikin rigarta, musamman a zafin Maris da Afrilu, don waya in ta yi zafi rage ƙarfinta take yi.

Yankewar ta ragu sosai, amma ba ta ƙare ba, kuma tun farko ya faɗa mini haka. Bayan Isha, lokacin da ɗaliban unguwannin Gwallameji da Yelwa suka rufar wa sabis, ping yana tashi. Nisan sabar wasan ma ba aikin mai gyara ba ne. Haske a cikin wayar faiba, wadda ke ɗauke da intanet, kusan kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, duk da haka zuwa Turai da dawowa sai ya ci lokaci. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san wata matsalar ta fi ƙarfin Wunti.

Shagon kansa dai sai haƙuri. Matsattse ne, benci ɗaya, ga ƙarar janareto a ka. Yaran shagon kuma hannunsu na ƙaiƙayin yi wa waya filashin, ko me ka kawo. In ka tarar ogan ba ya nan, kada ka bar musu wayarka, ka jira shi. Kuɗin da ya karɓa bai kai na datar wata guda ba. Ka je da hantsi kafin a cika, ka riƙo MiFi ɗinka da layin da kake buga gem da shi, don a kansu zai yi awon.