Situdiyon da ƙanwata ta ɗauki waƙoƙinta na farko a Jos

Ga masu tambayata ina ƙanwata ta yi waƙoƙin nan guda uku da na dinga turawa mutane a WhatsApp, wani ƙaramin situdiyo ne a wajen Farin Gada, ɗaki biyu ne kawai a bayan wani gida. Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai abin da zan yaba akwai kuma wanda zan soka, amma a gajarce dai wajen aikin sauti na ba su hannu, wajen takarda da haƙƙin mai waƙa kuma gaskiya sai an yi da gaske, kuma wannan ɗin shi ne ya fi damuna.

Ita yarinyar ba irin masu zuwa a ba su kiɗa su ɗora baki a kai ba ce, ita ke rubuta abinta da Hausa tana ɗan haɗawa da Turanci, da jita take haɗa karin waƙar a ɗaki tun tana sakandare. Irin waɗannan su ne suka fi shan wahala a situdiyo, don yawancin furodusoshi, wato masu haɗa kiɗa da ɗaukar waƙa, suna da kiɗansu a ajiye cikin kwamfuta, kana zuwa za a kunna maka a ce zaɓi ɗaya, waƙarka ce za ta bi kiɗan ba kiɗan ne zai bi waƙar ba. To shi wannan bawan Allah, furodusan wurin, bai yi haka ba. Cewa ya yi ta zauna ta rera da jitarta daga farko har ƙarshe bai taɓa komai ba, ya sa ta maimaita, sannan ya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ya fara neman saurin da ita take tafiya a kai, ya ɗora fiyano, ya ɗora ganga mai laushi, a amshin waƙa ta biyu ma har ya saka ɗan sautin kalangu can ƙasa-ƙasa wanda sai ka sa hedifon za ka ji shi sosai. Wallahi ni da nake zaune a gefe sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don waƙar da na saba ji ta bangon ɗaki ce ta zama wani abu amma kuma ba ta canza kama ba, ita ce dai.

Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda ya bi da muryarta. Kowa ya san yadda ake cika wa waƙoƙinmu na Arewa Auto-Tune, wato gyaran murya da kwamfuta, har ka kasa bambance muryar wannan da ta wancan. Ita ma ta zo da wannan tunanin, ta ce oga a sa min da yawa saboda muryata tana rawa a sama, ya ce a'a ƙanwata, rawar nan ba laifi ba ce, numfashi ne ba ki ja ba kafin ki hau, sake ɗauka. Ya nuna mata inda za ta tsaya daga makirfo, kamar tazarar tafin hannu, ya nuna mata ta ɗan kauce gefe idan za ta ɗaga murya, kuma da yake Hausarsa ta zauna yana jin inda karin waƙa ya murɗe kalma har ma'ana ta so ta ɓace sai ya tsayar ya ce gyara nan. Furodusan da ba ya jin yaren ba zai taɓa kama wannan ba ko da kayan aikinsa sun kai na Legas. An sa gyaran murya ɗin, ba wai ba a sa ba, amma kaɗan, yadda idan ta hau dandali ta rera da bakinta ba za a ce wata ce daban ba.

Ɗakin ɗaukar murya ƙarami ne, soso aka manna a bango, ba wani ƙyale-ƙyale. Idan aka ɗauke wuta akwai inbata da batir saboda haka ba ka jin ƙarar janareta a cikin waƙa, amma idan batir ya yi ƙasa aiki ya tsaya kenan. Lokaci kuma ba sa riƙewa, a ce maka ƙarfe goma ka zo ka tarar wani bai gama ba. Kuɗinsu dai ba su kai abin da aka gaya mana a Abuja ba, kuma ya yarda a biya rabi a fara.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Da aka gama mikis da mastarin, wato daidaita sautuka da gogewar ƙarshe, sai kawai ya turo mata MP3 ta WhatsApp, shi kenan wai an gama. Na kira shi na ce malam ina WAV ɗin, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ina kuma sautukan daban-daban, wato murya ita kaɗai, kiɗa shi kaɗai, ya ce ai yaya ba a cika tambaya ba. To mu muna tambaya. MP3 an matse shi an zubar da wani ɓangare na sautin, kamfanonin da ke raba waƙa zuwa Spotify da Apple Music da Boomplay kuma WAV suka fi so, sannan gobe idan kwamfutarsa ta lalace ko ya bar garin, ko aka gayyace ta biki tana son kiɗan zalla, ina za ta samu? Sai da muka je da fulash da kanmu aka zuba mana.

Na biyu ya fi wannan girma, babu takarda ko ɗaya. Waye mai kiɗan bayan an biya, shi ko ita? Zai iya sayar wa wani irinsa? Idan waƙar ta kawo kuɗi kashi nawa ne nasa? Duk da baki ake yi, ana cewa ai mun zama 'yan uwa. Ni ban zarge shi da mugun nufi ba, mutumin kirki ne, amma zumunci na lokacin da waƙa ba ta kawo ko sisi ba ne, ranar da ta fashe a TikTok sai ka ga kowa ya tuna magana daban. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai hukumar da ke kula da ita, kuma a dokar miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Na zauna na rubuta shafi ɗaya, sunan waƙa, wanda ya rubuta baitoci, wanda ya yi kiɗa, kason kowa, duk suka sa hannu. Bai yi musu ba ko kaɗan, har cewa ya yi in bar masa kwafi, amma abin da nake cewa kamata ya yi a ce shi ne ya fara kawo takardar, tunda yaran da ke zuwa wurinsa yawancinsu ba su da wanda zai tsaya musu.

Abin yana min ciwo ne saboda Jos ba ƙaramin gari ba ne a harkar waƙa. Nan Ɗan Maraya ya yi rayuwarsa da kuntiginsa har ya rasu a 2015, nan P-Square suka taso suka yi makarantar St. Murumba, M.I da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince duk nan suka goge kafin kamfanin waƙa na Chocolate City ya fitar da su duniya ta san su, ga Jeremiah Gyang da ya nuna cewa za ka iya riƙe jita ka yi waƙar zamani da Hausa kuma a saurare ka har kudu. Baiwa tana nan ba ta ƙare ba, amma har yau yaro zai gama waƙa mai kyau ya fita daga situdiyo bai san mene ne nasa a ciki ba.

'Yan situdiyon kuma ba sa taimakawa wajen sakin waƙa, wannan ku sani tun farko. Mu a manhajar sauraron waƙa ta Audiomack muka fara sakawa tunda kyauta ne kuma mutanenmu suna amfani da shi sosai saboda ana iya saukewa a ji ba data. Spotify ya shigo Najeriya tun 2021 amma ba ka sakawa da kanka sai ta hannun kamfanin rabawa, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba ba ta samun ko kwabo a can, saboda haka kar wani ya ruɗi yaro cewa daga sakawa sai kuɗi. Na gaya mata ta sa ranta a kan mutane su san muryarta tukuna.

Za mu koma wurinsa a waƙa ta gaba, ita ma shi take so, ta ce shi kaɗai ne bai sa ta jin kunyar muryarta ba. Wanda zai je ya tafi da waƙarsa a rubuce ya haddace ta tun daga gida don awa ake lissafawa, ya riƙe fulash, a yi maganar WAV da takarda kafin a biya kuɗin farko. Idan kuma lokacin sanyi ne kar ku karɓi layin safe, ɗakin yana da sanyi sosai kuma murya ba ta buɗewa da wuri, ku nemi na bayan azahar.