Hattara da mai gyaran injinan lab da ke yawo tsakanin Aboabo da Asawase

Jama'ar Zango, musamman masu ɗakin gwajin jini da ƙananan asibitoci a Kumasi, akwai wani mutum da ke yawo da jakar kayan aiki yana cewa shi injiniya ne. Ya ci mini sidi 6,500. Dubu shida da ɗari biyar, a kan injin juya jini, wanda muke raba ruwan jini da shi kafin gwaji.

Kada wani ya zo yana ce mini ai da na bincika. Na bincika. A sahu ɗaya muka yi sallar Juma'a da shi, kuma wanda ya haɗa mu mutumin kirki ne, shi ma yanzu kunya ta hana shi ɗaga wayata. Da ya zo ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce "Yaya, sannu da aiki," ya fito da mitar gwada wuta, ya kwance bayan injin ba tare da ya tambayi inda kusoshin suke ba. Ya nuna mini makunnin murfi, ya karanto mini sunayen ƙafafunsa uku inda ake haɗa wayoyi, COM da NO da NC, ya ce wannan lafiyarsa lau, allon lantarki da ke sarrafa motar da ke juya injin ne ya ƙone saboda ɗauke wuta da dawo da ita. A ƙasar da kowa ya san dumso, wato yawan ɗauke wuta, wa zai ji haka ya musa? Har yanzu ina ganin yadda ya ɗora tsinken mita a kan makunnin ya girgiza kai. Ashe bai ma danna harshen makunnin ba. Ya ɗora ne kawai don in gani.

Matsalar injin tun farko ita ce in ka rufe murfi ka danna, fitila na kamawa amma mota ba ta tashi, yana nuna murfi a buɗe yake. Shi ke nan.

Sidi 4,000 na fara tura masa ta MoMo, wato ta waya, wai za a aiko da sabon allo daga Jamus. A'a, kafin nan ma ya ɗauke tsohon allon ya tafi da shi, wai zai ɗauki lambarsa. Sai 1,500, wai kaya sun iso Accra an riƙe su a filin jirgi sai an biya kwastan. Sai 1,000 kuɗin hannu ranar da ya ɗaura. A tsakani ina kai samfurin jini wani lab a Adum ina biya, wannan ban ma saka shi a lissafi ba. 6,500 ɗin kuɗin da ya shiga hannunsa ne kawai.

Kuma injin ya tashi, shi ya sa na biya. Ya juya a gabana, har na yi masa godiya na raka shi bakin titi. "Yaya, ai amana ce tsakaninmu." Haka ya ce.

Yarinyar da ke aiki da ni ce ta kira ni a tsorace, ta ɗaga murfi injin bai tsaya ba. Abin da ke juyi wajen 4,000 a minti, da kwalaben jinin mutane a ciki, murfi a buɗe! Da kwalba ɗaya ta fashe a fuskarta me zan gaya wa iyayenta?

Na ɗauki injin zuwa wurin wani dattijo mai naɗin motar injina a Suame Magazine. Baba ya buɗe, ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Wayoyi biyu na makunnin murfi an zare su, an murɗe su wuri ɗaya, an naɗe da baƙin tef. Wato an yaudari allon ya ɗauka kullum murfi a rufe yake. Ya sa mita a kan COM da NO, ya danna harshen da yatsa, mita ta yi ƙara. Ya rufe murfi, shiru. Harshen ƙarfen ne ya lanƙwashe, murfi ba ya kai masa. Ya miƙe shi da filaya, ya mayar da wayoyin inda suke, aiki ya ƙare kafin shayina ya huce.

Allon Jamus kuwa, nawa ne. Tsohon allona ya goge ya dawo mini da shi. Akwai ɗigon jan fenti a gefensa tun ranar da na sayi injin, yana nan. Na sayi kayana da kuɗina, sidi 4,000, na kuma biya masa kwastan.

Ina da saƙonnin MoMo duka uku, da muryarsa yana rantsuwa kaya na filin jirgi, da hoton wayoyin da tef ɗin. Zan saka su da zarar na gama da 'yan sanda, sun ce in dakata tukuna.

Kada ku bar kowa ya fita da allonku. In an ce makunni lafiya yake, a danna shi mita ta yi ƙara a gabanku. Bayan gyara a gwada ko injin zai tashi murfi a buɗe.

Layinsa a kashe yake tun ranar da na tura masa hoton jan fentin. An ce an gan shi wajen Nima, don haka mutanen Accra ku ma ku sa ido.